Garka da Akurki a Gidan Katta: Ƙaramin Noman da Aka Raina

Gabatarwa

Noma iri biyu ne a ƙasar Hausa, amma ba a ba su daraja ɗaya ba. Na farko shi ne na gona, wanda ake aunawa da dami da buhu, ake yi masa gayya, hukuma kuma ta san da zamansa. Na biyu kuwa shi ne ɗan abin da ake shukawa a bayan ɗaki ko a gefen rijiya, tare da 'yan kajin da ke tono a tsakar gida. Wannan na biyu ba ya shiga littafin malamin gona, sau da yawa ma maigida ba ya ƙidaya shi a cikin dukiyarsa, domin yana ganin sha'ani ne na mata da yara.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa raina wannan ƙaramin noma kuskure ne mai tsada, musamman ga ƙauyukan bakin iyaka irin su Gidan Katta ta Ƙaramar Hukumar Illela a Jihar Sakkwato. Za ta kuma nuna cewa gyaran bai rataya a wuyan ma'aikatan gona da likitocin dabbobi kaɗai ba, har da malamai da ɗaliban Hausa suna da nasu kason. An zaɓi kalmar garka a kan lambu da gangan, saboda ita ce mutanen Sakkwato da maƙwabtansu na Nijar suka fi amfani da ita, kuma mai karatu zai ga amfanin wannan zaɓi nan gaba.

Ƙasar da Halinta

Gidan Katta ɗaya ce daga cikin mazaɓun Illela, tare da irin su Kalmalo da Araba da Damba da Tozai da Gidan Hamma. Garin Illela yana arewa da birnin Sakkwato da kamar kilomita 80 da 'yan kai, daga can kuma ɗan taƙi ne a shiga Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Iyakar da ta raba garuruwan biyu Ingila da Faransa ne suka shata ta, suka kafa mata alamu tsakanin 1906 da 1908. Kafin nan, har ma bayan nan, jama'a ɗaya ce mai harshe ɗaya da auratayya da cinikayya.

Damina a wannan yanki gajeriya ce. Takan kankama a watan Yuni ta ɗauke a ƙarshen Satumba, ruwan da ake samu kuma a yawancin shekaru bai cika wuce milimita 600 ba. Sauran watannin shekara rani ne: hunturu da sanyinsa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'an nan bazara wadda zafinta kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Gero da dawa da wake su ne abin dogaro, su kuwa sau ɗaya ake girbe su a shekara. Abin lura a nan shi ne, rumbu yana ajiye tuwo, amma ba ya ajiye ɗanyar miya. Gidan da ba shi da garka, daga lokacin da ganyen damina ya bushe sai kuka da busasshiyar kuɓewa, ko kuma abin da aljihun maigida ya iya sayowa ranar kasuwa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga lafiyar yara. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yaran da ba su kai shekara biyar ba a shiyyar arewa maso yamma sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Tsumburewa ba daga rashin cika ciki kaɗai take zuwa ba. Yaro yana iya ƙoshi da kunu da tuwo kullum, jikinsa kuwa yana neman abin da ke cikin ƙwai da ganye da kabewa. Dundumin da kan kama yara da mata masu ciki, ya hana su gani da magariba, ƙarancin sinadarin bitamin A ne ke kawo shi, sinadarin kuwa yana nan cikin zogale da alayyafo da karas da gwaiduwar ƙwai. Duk waɗannan abubuwa ne da gida zai iya samarwa da kansa.

Albasa da Tafarnuwa

A ƙasashen Turai, musamman Holan, akwai furannin da ake binne kawunansu a ƙasa kafin shigowar sanyi, su yi watanni a binne, sa'an nan su tsiro su yi fure idan ɗumi ya dawo. Mafi shahara a cikinsu shi ne tulib, wanda ya isa can daga ƙasar Turkiyya a ƙarni na 16. Ado ake yi da shi, sai dai a yunwar da ta auka wa Holan a sanyin 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mutane sun koma suna dafa kawunan furen suna ci. Wanda ya ga hotunan irin waɗannan lambuna yana iya zaton abu ne da ƙasar Hausa ba ta da kamarsa. Alhali kuwa tana da nata tsirrai masu kai, waɗanda su ma sanyi ne ke gyara su, kuma nata ci ake yi tun asali: albasa da tafarnuwa.

Ƙasar Sakkwato da ta Ƙonni sun daɗe da sanin albasa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya ratsa Gwandu a 1853, ya yaba albasar garin. A yau Wurno da Goronyo da Gada da Kware sun yi suna wajen nomanta, haka Aliero ta Jihar Kabi. A tsallaken iyaka kuwa, gabas da Ƙonni a kan hanyar Madawa, akwai Galmi, wadda irin albasarta mai jaja-jaja ya shahara a Afirka ta Yamma, ana lodinsa har Kumasi da Akkara da Abijan.

Yadda ake nomanta sananne ne. Ana yafa iri bayan ɗaukewar ruwa, a dasa bayan mako shida zuwa takwas, ta ƙulla kai a cikin sanyin hunturu, a cire ta daga Fabrairu zuwa Afrilu. Samun iri kuwa aikin shekara biyu ne, domin sai an zaɓi kawuna masu kyau an adana su, an sake binne su a sanyi mai zuwa, sa'an nan su fid da fure su ba da iri. Irin albasa kuma ba ya jimirin ajiya, idan ya shekara ƙarfin tsirarsa yakan ragu ƙwarai. Wanda ya sayi iri a hannun wanda bai sani ba, ba zai gane an cuce shi ba sai bayan ya ɓata watanni yana ban ruwa.

To, a nan ne abin mamaki yake. Albasa tana arha a lokacin cira, saboda kowa ya fito da tasa gaba ɗaya, ga bashin taki da na mai yana jiran manomi. Wadda aka zuba a rudu kuma zafi da laima sukan ruɓar da kaso mai yawa kafin ta yi daraja. Idan aka kai ƙarshen damina sai ta yi tsada, har a iske gidan da ya sayar da buhu-buhu a Maris yana sayen ƙwaya ɗaya-ɗaya a Oktoba. Fangali biyu na albasa a cikin gida ba za su mai da kowa attajiri ba, amma suna ba uwargida lawashi tun albasar ba ta ƙulla kai ba, ta daka saura ta yi gabu ta shanya don miyar bazara da damina, ta kuma ware kawuna goma ko ashirin don iri. Haka tafarnuwa, wadda sala-sala ake dasa ta, ta fi albasa jure ajiya, ga ta kayan miya ga ta magani. Gidan da ke fid da irinsa da hannunsa ya san abin da ya shuka.

Darasin Manyan Shirye-shirye

Ba yau aka fara kiran jama'a su koma ga noman bayan gida ba. Bayan farin 1972 zuwa 1974, wanda ya halaka dabbobi ya kuma kwararo da jama'a daga arewa, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da Shirin Ciyar da Ƙasa a 1976. An yi ta shela a rediyo cewa kowa ya shuka wani abu a bayan gidansa, ya kuma yi kiwon kaji, har ɗaliban jami'o'i aka tura karkara a lokacin dogon hutu. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta biyo da nata shirin bunƙasa noma a 1980. Niyyar ba ta da laifi. Inda aka yi tuntuɓe shi ne, an ɗauka ilimin daga birni zai fito ya je ƙauye, aka tura samarin da yawancinsu ba su taɓa riƙe fartanya ba su koya wa wanda aka haifa a kan kunya. A daidai lokacin kuma kuɗin man fetur na shigo da shinkafa da daskararrun kaji daga waje.

Manyan kuɗaɗen kuwa madatsun ruwa suka tafi. An gama dam ɗin Bakolori a 1978, wanda rikicin diyyar gonakinsa ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980. Na Goronyo ya biyo baya a shekarun 1980. Mutanen Illela suna da nasu darasin a kusa. Tafkin Kalmalo daga rafin Majiya yake samun ruwa, shi kuwa rafin daga Nijar yake gangarowa. Da aka gina madatsu a kansa don noman rani na Ƙonni, a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, ga kuma ƙarancin ruwan sama na wancan zamani, sai ruwan da ke isowa tafkin ya ragu, masunta da masu noman rani suka ji a jikinsu. Sai a 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabon ruwan da suka yi tarayya a kansa, har da na Majiya.

Ba a faɗi wannan don a ce madatsun ruwa ba su da amfani ba. Shirin Fadama ma, wanda aka fara a farkon shekarun 1990 da tallafin Bankin Duniya, ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa, ya kuma sauƙaƙa wa manoma wahalar jigo. Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da igiyar da ke hannun wani. Ruwan dam yana hannun mai buɗe ƙofa, inji kuma yana hannun mai sayar da fetur. Da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta koma wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Garkar da ake shayarwa da guga ba ta san an yi ba.

Iyaka da Hanya

Mutumin bakin iyaka yana cin moriyar kasuwa biyu, amma shi ne na farkon shan wuya idan manya suka saɓa. A 1984 gwamnatin soja ta rufe iyakokin ƙasa, abin ya haɗu da farin wannan shekara, ba a buɗe ba sai 1986. A watan Agusta na 2019 an sake rufewa, Illela kuma tana cikin iyakoki huɗu na farko da aka buɗe a Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, an kuma rufewa har zuwa Maris 2024. Sau uku ke nan a cikin shekara arba'in, kuma babu ko ɗaya da aka yi shawara da mutanen Gidan Katta kafin a yi shi. Duk lokacin da aka rufe, kayan gwari ne kan fara lalacewa a cikin mota, ɗan dako da dillali da direba kuma su rasa na cefane.

Ga kuma rashin tsaro da ya addabi gabashin Sakkwato, wanda ya taɓa ƙasar Illela ita ma, kamar hare-haren da aka kai wa ƙauyukanta da na Goronyo a watan Nuwamba na 2021. Idan gonar nesa ta zama abin tsoro, abin da ke cikin danga shi ne ke hannu. Ko babu rikici ma, kasuwa ba ta da alkawari. A 2016 tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu ne, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, farashi ya ninka sau da dama a duk faɗin ƙasa. Matar da ke da yakuwa da rama da gauta a bayan ɗaki ta sauya miya ne kurum. Hausawa dai sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Akurki

Kazar Hausa ba ta da yawan ƙwai idan aka gwada ta da ta gidan gona. Takan yi kamar goma zuwa goma sha biyu ta kwanta, ta ƙyanƙyashe bayan kwana 21, ta yi haka kamar sau uku a shekara. Amma ba ta neman komai sai tsaki da dusa da abin da ta tona da kanta, ta san gudun shirwa, tana jure zafin bazara, kuma ita ke renon 'ya'yanta. Har ƙwan zabuwa ake sa mata ta kwanta a kai, ta fid da 'yan zabi bayan kamar mako huɗu. Kazar Turawa kuwa abincinta na saye ne, maganinta na saye ne, ɗan tsakonta ma daga nesa ake kawo shi, kuma yawancinsu ba sa kwanci.

Muhimmin abu shi ne a san mai kazar. A yawancin gidajen karkara kaji na mata ne da yara, kuɗinsu kuma na mai su ne. Kaza ce ake kamawa idan yaro ya kwana da zazzaɓi ana neman kuɗin magani, ita ake yanka wa baƙo da mai jego, ita ake sayarwa gab da salla lokacin da take daraja. Mace mai haƙuri takan tara kaji ta sayi akuya, akuya ta haihu ta kai ta ga tunkiya. A farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar Naira ta yi wuyar samu, mutumin ƙauyen da ba shi da asusun banki ya ga ranar abin da ake iya ci ko a yi musaya da shi ba tare da an bi layi ba.

Sai dai akwai gyara a nan. A wurare da yawa ana hana yara ƙwai, bisa camfin cewa yaron da ya saba da shi zai yi sata. Mai yiwuwa asalin camfin dabara ce ta tsare ƙwan kwanci, domin ƙwan da aka ci ba zai zama kaza ba. Amma kaza ba ta iya rufe ƙwai fiye da kima, wanda ya yi saura lalacewa yake yi. Gara a bar mata takwas ko goma, sauran a dafa wa yaron da aka yaye, wanda ya fi kowa bukatarsa a gidan.

Hujjojin Masu Musu

Mai musu zai fara da ruwa, kuma yana da gaskiya. A ƙauyen da mata da yara ke yin sammako don jarka guda, maganar ban ruwa tana iya zama kamar izgili. Amma a yi lissafi. Ganye a rani yana bukatar kamar lita 5 zuwa 7 a kowace murabba'in mita a yini. Fangali huɗu, kowane mai tsawon mita biyu da faɗin mita ɗaya, murabba'in mita takwas ke nan, watau lita 40 zuwa 56, kimanin jarka biyu masu cin lita 25. Gida mai mutum goma yana zubar da abin da ya kusa haka kullum ta rariya: ruwan alwala, da ƙasari, da na wanke ganye, da na ɗauraye kwanuka. Ruwan wanki mai sabulun gari ne kaɗai ya kamata a kauce masa, saboda yana sa ƙasa ta yi gishiri. Idan aka lulluɓe fangali da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, ko aka binne tulu a tsakiyarsa ana cika shi yana tsatsafowa a hankali, bukatar takan ragu. Zogale kuwa da zarar ya kama ba ya neman ruwa sosai. Idan bazara ta tsananta rijiya ta ja baya, babu laifi a huta, a ci abin da aka shanya.

Hujja ta biyu ita ce kaza da garka ba sa zama wuri ɗaya, domin abin da aka yafa da safe kafin azahar ta tone shi. Wannan ma gaskiya ne, maganinsa kuwa tsoho ne: danga ta karan dawa ko ta ƙaya. Da zarar an raba su sai su zama masu taimakon juna. Ganyen da aka tsince da tsutsar da aka kama na kaji ne, kashin kaji kuma na garka ne, muddin an bar shi ya ruɓe tare da shara na wasu makonni, domin ɗanyensa yana da zafi, yana ƙona shuka.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, watau annoba. Kowace shekara, galibi da hunturu, cutar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil takan bi gari ta share akurki: kaza ta takure, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe, ta mutu. Wanda ya yi asara sau biyu ba ya marmarin na uku. Cutar ba ta da magani idan ta kama, jan barkono da kafso da ake jiƙa musu ba sa kashe ta. Amma tana da rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana yin wani iri mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, ana ɗiga shi ɗigo ɗaya a idon kaza bayan kowane wata uku ko huɗu. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma idan an buɗe ta ba ta ajiyuwa, saboda haka sai unguwa ta haɗa kai a yi rana ɗaya. Haka nan kazar da aka sayo daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Idan kuwa kaji suka fara zubewa farat ɗaya, a sanar da ma'aikatan dabbobi, kada a yanka a ci, domin murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna a Fabrairu 2006 tana iya kama mutum.

Hujja ta ƙarshe ita ce wannan duk ƙaramin abu ne, ba zai ciyar da ƙasa ba. Babu mai cewa fangali huɗu za su maye gurbin gonar gero. Aikinsu shi ne su toshe ƙofar da kuɗin cefane ke zurarewa kullum, su kuma sa wa tuwo abin da zai gina jiki. Da yayyafi kogi kan cika.

Kason Ɗaliban Hausa

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan Sashen Hausa da kashin kaji? Amsar ita ce, duk abin da aka zayyana a sama sananne ne ga masana aikin gona da likitocin dabbobi, har da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Abin da ya hana shi isa ga matar da ke cikin kulle a Gidan Katta harshe ne. Yawancinsa da Ingilishi aka rubuta shi. Wanda aka fassara kuma sau da yawa da Hausar Kano ne, cike da kalmomin da aka ƙirƙira a ofis. Takardar da ta ce kuɓewa da yakuwa da barkono da dankali da lambu za a gane ta, amma za a ji ta baƙuwa a inda ake cewa guro da sure da tonka da kudaku da garka. Wanda aka yi wa magana da harshen gidansu ya fi saurin yarda cewa da shi ake.

Akwai kuma ilimin da ke tafiya ta ɗaya hanyar. Tsofaffin mata da masu garka sun san sunayen ire-iren albasa da na kaji, da matakan girman shuka, da alamomin cuta, da lokacin yafa iri bisa lissafin taurari. Likitan nan J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, Bargery kuma ya fitar da ƙamusunsa a 1934 ɗauke da kalmomin Sakkwatanci masu yawa. Abin kunya ne a ce bayan shekara kusan ɗari, ɗalibin da ke neman kalmar garka sai ya koma ga abin da baƙi suka tattara. Kowace tsohuwa da ta rasu ba a zauna da ita ba, ta tafi da nata kason.

Saboda haka ana ba da shawara uku. Ta farko, malamai su riƙa ba da batutuwan kundin digiri a kan kalmomin garka da kiwon kaji na yankuna irin su Illela da Gada da Gwadabawa, a kuma ƙarfafa wa ɗalibai mata su ɗauka, tun da su ne ke iya shiga cikin gida. Ta biyu, ƙungiyar ɗaliban Hausa ta haɗa hannu da takwarorinta na aikin gona da likitancin dabbobi a fitar da 'yan takardu masu shafi ɗaya, da boko da ajami, a kan rigakafin kaji da fid da irin albasa da tattalin ruwa. Hukumar NORLA ta yi irin wannan aiki a Zariya a shekarun 1950 da kayan aikin da ba su kai na yanzu ba. Ta uku, a naɗi bayanin da murya cikin Sakkwatanci don gidajen rediyo da wayoyin hannu, saboda mai sauraro ya fi mai karatu yawa a karkara. Sharaɗin duka ukun shi ne ɗalibi ya fara da tambaya kafin ya koyar, kada a maimaita kuskuren 1976.

Kammalawa

An nuna cewa Gidan Katta da maƙwabtanta suna zaune ne a inda damina gajeriya ce, ruwan tafki yana hannun wata ƙasa, iyaka tana rufuwa ba shawara, farashin mai kuma daga Abuja ake yanke shi. A cikin duk abin da suke ci, garka da akurki ne kaɗai linzaminsu ke hannun mutanen gida. Ba sa bukatar kwangila ko bashin banki. Bukatarsu danga ce, da jarka biyu ta ruwan da dā ma zubarwa ake yi, da iri na gida, da ɗigon rigakafi sau uku a shekara, da kuma bayani cikin harshen da mai aikin take ji. Huɗun farko suna wuyan magidanta da ma'aikatan gona da na dabbobi. Na biyar kuwa aikin masu nazarin Hausa ne, kuma dogon hutu mai zuwa ya isa a fara shi.